Ƙanena ya daina zagi a gidan yari, amma an ce ɓata ya yi

Auwal: Jama'a, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Ƙanena yana gidan yari a Ingila shekara huɗu ke nan, saboda faɗan da ya ji wa wani mummunan rauni. In ya kira mu a waya daga zagi sai ƙorafi, barcin kirki ma ba ya samu. Kwanakin baya ya fara zuwa wurin wani malamin addinin Buda da ke shiga wajensu, su zauna shiru kowa yana lura da numfashinsa. Makon jiya ya ce mini tun da aka rufe shi bai taɓa tuna cewa mutumin da ya ji wa raunin yana da 'ya'ya ba sai yanzu, har ya yi kuka. Sallarsa na nan bai bari ba. Na ce alhamdulillahi, yaro ya shiryu. Shi ke nan 'yan'uwa suka yi mini ca, wai ina murna da ɓatansa. Wanda ya bar tsinuwa ya koma tausayi, shi ne ɓatacce?

Malam Habu: Auwal, ka janye kalmar nan "ya shiryu". Shiriya ta Allah ce, ba a ɗebo ta a gaban gunki.

Auwal: Allah ya gafarta Malam, halinsa nake nufi ya gyaru.

Malam Habu: To ka ce ya gyaru. Harshe amana ne. Ka duba Suratur Ra'ad aya ta 28, da ambaton Allah zukata ke natsuwa.

Maman Ilham: Haba Malam. Uwa ta ce "Allah ya shirya mini yaron nan" don ya daina yawon dare, fatawa ta bayar? Haka muke magana tun muna yara.

Malam Habu: Ai kin ji da kanki, Allah ta roƙa.

Zainab: Ni abin da na karanta zan faɗa. Ba yau aka fara ba. A Indiya an yi irin wannan zama a kurkukun Jaipur tun 1975. Da jami'ar 'yan sanda Kiran Bedi ta karɓi ragamar kurkukun Tihar na Delhi a 1993, ta shigo da shi, kuma a watan Afrilun 1994 malaminsu Goenka ya jagoranci fursunoni kusan 1,000 a zama guda. Vipassana suke kiransa. Kwana 10 ne ba magana, a tashi ƙarfe huɗu na asuba, a yi kusan awa 10 a zaune kullum. Kwanaki ukun farko numfashi kawai kake bi. Daga nan ka riƙa lura da duk abin da jikinka ke ji, zafi ko ƙaiƙayi, ba tare da ka zabura ba. Hikimar ita ce wanda ya iya kallon ciwon gwiwarsa bai motsa ba, zai iya ganin fushi ya taso bai kai hannu ba. A ƙarshe ake koya musu yi wa kowa fatan alheri, har wanda suka tsana. Ina ganin nan ƙanen Yaya Auwal ya kai.

Sani: Mutum 1,000 a kurkuku su yi shiru kwana 10? Wannan sai a fim ɗin Indiya.

Zainab: Ka bincika mana kafin ka ƙaryata ni.

Sani: Ke da kika kawo ai ke za ki kawo hujja, yarinya.

Zainab: Wa kake ce wa yarinya? Na girme ka nesa ba kusa ba.

Baba Iro: Ku bar wannan. Ni tambayata ɗaya: in addinin nan tausayi yake koyarwa, su wa suka kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 daga Myanmar a 2017?

Maman Ilham: Sojoji ne, Baba, kuma gaskiya akwai malaman Buda da suka zuga. Amma mu da muke jin zafi in an shafa mana laifin wasu, bai kamata mu yi wa wasu haka ba.

Baba Iro: Kin fara kare su ke nan.

Zainab: A Amurka ma an yi wannan rigimar. Kurkukun Donaldson da ke Alabama ya fara shirin a 2002, aka dakatar da shi don wasu Kiristoci na tsoron ana sauya wa fursunoni addini, daga baya aka dawo da shi. Masu koyarwar sun ce ba su neman kowa ya bar addininsa.

Malam Habu: Kowa ai haka yake cewa da farko. Har yanzu dai Auwal bai janye kalmar ba.

Auwal: Na janye, Malam. Ya gyaru. To gyaran nasa fa, me za ka ce a kai?

Malam Habu: Ka janye ne don ka gamsu ko don a wuce wurin?

Sani: Ni dai a ba ni haƙuri, an ce an girme ni a gaban mutane.

Kabiru (mai kula da zaure): Zan rufe nan, dare ya yi. Abin da aka tsayar shi ne Auwal ya yi kuskuren lafazi kuma ya amsa, Allah ya saka wa Malam da alheri da ya tsaya tsayin daka. Labarin Indiya ba a tabbatar da shi ba. Shawarar jama'a ita ce yaron ya bar zuwa wurin.

Maman Ilham: Wace jama'ar? Ni ban ce haka ba, Zainab ma ba ta ce ba.

Auwal: Ranar Asabar zai kira. Ya roƙe ni in tambayi lauyansa ko doka ta yarda ya rubuta wa mutumin da ya ji wa raunin takardar neman gafara. Abin da na so ku ba ni shawara a kai ke nan, kuma ba wanda ya tambaye ni ko yana samun barci yanzu. Yana samu.