Me ya sa amsata ta saɓa wa ta littafi a lissafin diribetif?

Sabon ɗalibi:
Assalamu alaikum. Ina shekarar farko a jami'a, kuma makonni uku ke nan da muka fara kalkulas. An ba mu y = x²(3x + 1)⁴, aka ce mu nemo diribetif ɗinsa, wato saurin canzawar y yayin da x yake canzawa. Na x² ya ba ni 2x, na (3x + 1)⁴ kuma ya ba ni 12(3x + 1)³ ta hanyar ƙa'idar sarƙa (wadda ake bi idan wani lissafi yana cikin wani), sai na ninka su biyun na sami 24x(3x + 1)³. Amsar da ke bayan littafi daban ce, kuma na maimaita aikin sau uku ban ga inda na kauce ba. Don Allah a taimaka mini.

'Yar aji huɗu a sashen lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙa'idar sarƙa ka yi ta daidai, har da 3 ɗin cikin baka da ɗalibai da yawa suke mantawa. Inda ka zame shi ne ninka diribetif biyun, domin ba haka abubuwa biyu da aka ninka suke canzawa ba.

Ka ɗauki fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, wato murabba'in mita 60. Idan aka ƙara 0.1 a tsawo da 0.1 a faɗi, filin zai zama 61.61, kuma ƙarin nan na 1.61 kashi uku ne: zirin da ya bi tsawo ya kawo 1.0, zirin da ya bi faɗi ya kawo 0.6, sai ɗan ƙaramin lungu a kusurwa wanda bai wuce 0.01 ba. Kai da ka ninka canji da canji, wannan lungun kaɗai ka riƙe, ka zubar da zirin nan biyu da suke ɗauke da kusan dukkan ƙarin, alhali lungun ne yake ɓacewa idan aka ci gaba da rage ƙarin zuwa sifiri.

Saboda haka ƙa'idar ita ce (uv)′ = u′v + uv′. A nan u da v su ne abubuwa biyun da aka ninka, alamar ′ kuma tana nufin diribetif. A tambayarka za a sami 2x(3x + 1)⁴ + 12x²(3x + 1)³, kuma idan ka fitar da 2x(3x + 1)³ waje, abin da zai rage a ciki shi ne 9x + 1.

Malamin sakandare:
Bayanin ɗalibar nan ya wadatar. Abin da zan ƙara shi ne hanyar da za ka riƙa kama kanka da kanka ba tare da leƙa bayan littafi ba, wanda shi ma wani lokaci akan sami kuskuren ɗab'i a cikinsa. Sa x = 1, y zai ba ka 256. Sa x = 1.001 a kalkuleta, zai ba ka kimanin 257.283. Raba bambancin da 0.001, za ka sami kusan 1283. Amsarta a x = 1 tana ba da 1280, taka kuwa 1536, don haka babu sauran gardama.

Kuma kada abin ya dame ka, ɗana, domin shi kansa Leibniz, Bajamushen da ya ƙirƙiro alamar dx da muke amfani da ita wajen nuna ɗan ƙaramin canji a x, sai da ya tambayi kansa a rubutunsa na 1675 ko d(xy) daidai yake da dx sau dy, kafin ya gane ba haka ba ne, sannan ya buga ƙa'idar daidai a 1684.

Sabon ɗalibi:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Amsar littafin ita ce 2x(3x + 1)³(9x + 1), kamar yadda aka nuna. Na gwada tsohuwar hanyata da x sau x, ta ba ni 1 maimakon 2x, sai na ji kunya. Tambaya ta gaba ita ce x sin x, kuma na sami sin x + x cos x.

'Yar aji huɗu a sashen lissafi:
Daidai ne. Idan za ka gwada ta da kalkuleta, ka tabbata ka mayar da ma'aunin kusurwarta kan radiyan, domin a kan digiri lissafin ba zai fito ba.