Miji Kashere, mata Asibitin Koyarwa: ina za a kama haya a Gombe?

Yayan ango: Assalamu alaikum. Ƙanina ya samu aiki a jami'ar Kashere, amaryarsa kuma nas ce, an ɗauke ta a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ciki biyu da falo suke nema. Don Allah waɗanda suka san harkar haya a garin nan su ba mu haske kafin a biya kuɗi.

Sista daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Yaya. A zaɓi gida da aikin matar, ba da na mijin ba. Shi sau ɗaya zai fita da safe ya dawo da yamma, kuma masu zuwa Kashere daga Gombe kan haɗa kuɗin mai su shiga mota ɗaya. Ita kuwa aikinta juyi uku ne: safe, yamma, dare. Mai aikin yamma sai bayan isha'i take tashi, lokacin Keke Napep ya yi wuya, wanda ya rage kuma shata zai ce. Su nemi ɓangaren hanyar Ashaka, inda hawa ɗaya zai kai ta ƙofar asibiti. Gida mai sauƙi a Tumfure, in aka lissafa hawa biyu zuwa, biyu dawowa, kwana ashirin da wani abu a wata, sauƙin ya tafi a hanya.

Tsohon dillali: Gaskiyar Sista ne. La'ada bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin shekara, a yanke ta tun kafin a shiga mota zuwa ganin gida. Kada a ba dillali kuɗin haya a hannu. A ga mai gida ko wakilinsa, a tura ta banki, a karɓi rasit, a yi yarjejeniya a rubuce da shaidu biyu, in da hali har mai unguwa. A rubuta ranar da shekara za ta fara, wato ranar karɓar makulli, da wanda zai kwashe sokawe in ta cika, da wanda zai gyara rufi. In mai gida ya ce "ku gyara a cire a kuɗin haya", a sa adadin a takarda. Nan ne ake yawan ɓatawa.

Mai aikin famfo, Pantami: Alhaji dillali ya gama magana, saura ruwa. Ruwan famfo da ake turowa daga madatsar Dadin Kowa ba kowace unguwa yake kaiwa daidai ba, kuma a tudun garin rijiyar burtsatse sai an yi zurfi sosai. Ganin kan famfo a banɗaki ba ya nufin akwai ruwa. A buɗe a gani, sannan a tambayi maƙwabta, musamman mata, kwana nawa yake zuwa a mako cikin watan Maris da Afrilu. A hau a duba tanki: lita 1,000 zai riƙe mutum biyu kamar mako guda in ana tattali. In ba tanki, 'yan garuwa ne kullum.

A duba kwari kuma. Ƙasar Gombe yashi ce, zaizaya na cin gidaje. In katanga ta tsage daga tushe, ko bakin kwari na kusa, a haƙura komai kyan fenti. Tabon ruwa a silin yoyo ne, fenti sabo a kusurwa ɗaya kaɗai ɓoye shi aka yi.

Abban Khalifa: Wuta: a nemi gida mai mitar kati, a karɓi lambarta a bincika a ofishin JED, wato kamfanin raba wutar lantarki, ko akwai tsohon bashi, don in akwai za a riƙa cira duk lokacin da aka sa kati. Mita ɗaya ga gida huɗu rigima ce.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, albashin sabon ma'aikacin gwamnati yakan yi watanni bai fara shiga ba. Kada a juye duk abin hannu a hayar shekara, a ware na abinci da mota na wata uku tukuna. Mai gida da yawa na karɓar wata shida in an zo da mutumin da ya sani.

Sannan a je da tef kafin 'yan jere su iso. Gado shida da shida da wadirof kan cinye yawancin ɗaki ƙafa goma da goma, kujeru kuma sau da yawa a ƙofar falo suke maƙalewa. A auna ɗaki da faɗin ƙofa, a kai wa kafinta awon kafin ya yanka katako.