Wace ruta kuka aza a gida, ta jure zafi da ɗaukewar wuta?

Daga Yantala, Yamai:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƴar rutar, wato akwatin raba intanet da aka ba ni tare da layi, ta gaji, mu goma sha ɗaya ne a gida kowa da salula, ina son in raba wifi na yara da na baƙi kuma in sa katangar tsaro mai tare masu kutse ta intanet. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari don Allah.

Daga Bukoki:
Wa alaikumus salam. Ni dai kar ka bi hanyata. Tsohon ordinatar na biro na ɗauko na sa mishi OPNsense, manhajar da ke maida ordinatar ruta, na ƙara katin jona wayar intanet mai baki biyu na Intel don shi ya fi shiri da FreeBSD, tsarin da aka gina OPNsense a kai, aiki kam ya yi ba magana, amma abin yana shan wajen wat 80 dare da rana, in wuta ta ɗauke ondilar ba ta riƙe shi minti ashirin. Lokacin hazo da na buɗe shi ƙura ta toshe fanka kamar an liƙa auduga. Uwargida ma ta ce ƙararshi na hana ta barci, dole na sauke shi.

Daga Tawa:
Malam, nan Afrilu da Mayu mu ka sanin na'urar ƙwarai. Ruta MikroTik hEX gare ni, baki biyar gigabit, wat ɗinta bai kai goma ba, kuma tana karɓar volt 12 kai tsaye, sai na haɗa ta ga batirin sola ba ruwana da ondilar. Amma ba ta da wifi, sai ka ƙara wata na'ura mai ba da wifi. Manhajarta RouterOS kuwa sai da haƙuri, kwana ukku na yi, har na rufe kaina waje, na kasa shiga rutar, da dokar tsaro da ni na rubuta, sai da na danna risat da tsinken sakace.

Daga Talaje:
Hhh yaya wannan kowa ya sha ta. Ni ƙaramin ordinatar mara fanka mai furosesa N100 na yi oda, shi ma volt 12, sai dai jikinshi ƙarfe ne yana ɗaukar zafi, kar a kife shi cikin kwaba. In kuɗi ba su kai ba a nemi ruta ta hannu mai ɗaukar manhajar OpenWrt, a duba ƙwaƙwalwarta ta kai mega 128.

Daga Yantala:
Na gode ƙwarai. Yaya na Tawa, tsakanin batirin da rutar ka sa fiyus ko haka nan ka jona?