Neman kalma: me za mu kira "agni" da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ina fassara bayani kan Ayurveda, likitancin gargajiyar Indiya, sai na cije a kan kalmar agni. Ma'anarta wuta a Sanskrit, tsohon harshen Indiya, amma likitocinsu na nufin ƙarfin da ke sarrafa abinci a jiki. Sun kasa ta gida 13, uwarsu ita ce jatharagni, ta cikin ciki. Na sa "wutar ciki". Ya kuka gani?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan kalmar da mai ita. In Bahaushe ya ce yaro na da wutar ciki, himma da zafin nema yake nufi. "Zafin ciki" kuwa ya fi muni, mai karatu zai zaci ƙwannafi ne ko gyambon ciki.

Ma'aikaciyar jinya: To Malam, me zai hana a ce "narkewar abinci" kawai a huta?

Malamin Hausa: Hajiya, in an cire wutar, sauran bayanin ya rushe. Su a wurinsu abinci dahuwa yake yi a ciki, shi ya sa suka ba wutar hali 4: daidaitacciya, mai ci ta mutu ta sake tashi, mai ci bal-bal har mutum ya ci ya ƙi ƙoshi, da mai rauni. Abin da mai raunin ta kasa dafawa shi suke kira ama, wato ɗanye, kuma suna ɗora masa laifin cututtuka da yawa. Har maganin ma a kan wutar aka gina shi: 'yar ɗanyar citta da gishiri kafin cin abinci, ko garin trikatu, haɗin busasshiyar citta da masoro da pippali (wani ɗan'uwan masoro mai tsawo), duk don a hura ta.

Mai tambaya: Haka ne. Tsohon littafin Ayurveda, Charaka Samhita, ma ya ce ko abinci mai kyau ne, aka ci daidai kima, ba ya narkewa in mai cinsa na cikin damuwa, baƙin ciki, tsoro, fushi ko rashin barci. Kenan kalmar da za mu zaɓa sai ta iya ɗaukar cewa ɓacin rai na dakushe ta. "Wutar tumbi" fa?

Ma'aikaciyar jinya: Tumbi sai ya tuna mini da kayan cikin rago, Yaya! Ga shi kuma ka ce akwai wasu 12 bayan ta cikin ciki.

Malamin Hausa: Allah ya shi miki albarka, Hajiya. Ni dai "wutar narkarwa" nake gani. Ta riƙe wutarsu, ta riƙe narkewar da muka saba faɗi. A karon farko ka rubuta agni kusa da ita, ka nuna cewa fahimtar Ayurveda ce, ba abin da ake aunawa a asibiti ba.

Mai tambaya: Na karɓa, Allah gafarta Malam. Ama kuwa zan sa "ɗanyen saura", don kada a karanta ta amai.