Neman shawara: an ba ni takardar tuhuma saboda waƙafi ɗaya

Mai Sito:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da sito a wani kamfanin gine-gine na waje da ke aiki a gefen Daura. Injiniyanmu ɗan Fotugal ne, Turancinsa kame-kame, rabin leburorin kuma daga Magarya da Damagaram suke. Kawuna ne ya tsaya mini na samu aikin, ga iyalina ta kusa haihuwa, ga kuɗin haya. Injiniyan ya rubuto mini bututu 1,500 m, na cike takardar oda ta mita dubu ɗaya da ɗari biyar. Ashe wai mita ɗaya da rabi yake so a yanka kowanne. Kamfanin ya ba ni takardar tuhuma, sun ce in ba da amsa cikin awa 48. Me zan rubuta?

Tsohon Foman:
Wa alaikumus salam ƙanena. A Fotugal da Faransa da Nijar, waƙafi suke sawa inda mu ke sa ɗigo, 1,5 nasu shi ne 1.5 namu. Ka rubuta haka a amsarka, ka haɗa da hoton takardarsa. Sannan ka nemi a riƙa rubuta duk wani tsawo da milimita, 1500 mm, ba waƙafi ba ɗigo. Bulon inci 9 a sa 225 mm, na inci 6 a sa 150 mm. Kuma duk umarnin da aka ba ka, ka maimaita masa da bakinka, ya sa hannu kafin kaya su fita.

Hajiya Akanta:
Ku nemi tafinta kawai. Mutanen Maraɗi da Damagaram masu Faransanci suna da yawa, Turawan Fotugal da dama kuma suna jin Faransanci. Amma a kula wajen kuɗi: jaka a wurinmu naira 200 ce, a Nijar sefa 1,000. Abin da ke ƙona mini rai, in lissafi ya rikice kullum ƙaramin ma'aikaci ake zaftare wa albashi.

Tsohon Foman:
Hajiya, tafintan da bai san aikin gini ba ƙara dagula lamarin yake. Magana ta bi ta baki uku, adadi ne ke fara ɓacewa. Fom mai layi huɗu ya fi shi: sunan kaya da hotonsa, girma, guda nawa, ranar da ake so. Lokaci ma haka, in injiniyan ya rubuta 14h ƙarfe biyu na rana ke nan. Ƙanena, dubu da ɗari biyar bai yi maka yawa ba, me ya hana ka tambaya?

Mai Sito:
Yallaɓai, aikin magudanar ruwa ne mai tsawon kilomitoci, adadin bai wuce hankali ba. Kuma in ka tambaye shi sau biyu sai ya hau faɗa da yarensu. Ni yadda aka koya mini a makaranta na karanta.

Baban Yara:
Kada ka ambaci injiniyan a takardar. Ka ba da haƙuri kurum, kawunka ya je ya ga manaja.

Tsohon Foman:
In ya ba da haƙuri ba bayani ya amsa laifi ke nan, kuɗin bututun a wuyansa. An riga an kawo kayan ne, ko odar na kan teburin manaja?

Mai Sito:
Mota ɗaya ta sauke jiya. Fom ɗin nan ba ni da ikon kawo shi, kuma Kawu bai sani ba tukuna. Gobe ƙarfe goma wa'adin ke cika.