Tsakanin Lamba 54 da 56: Wane Firam Zan Ɗauka, Kuma Yaya Zan Saita Kan Keken?

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mahaya keke. Ina shirin sayen keken tsere na kan kwalta, irin mai lanƙwasasshen kai, amma maganar girman firam ta tsayar da ni. Tsayina santimita 176 ne, tsawon ƙafata daga ƙasa zuwa matsematsi kuma santimita 83, kuma jadawalin kamfanin ya ajiye ni a kan iyaka, tsakanin lamba 54 da 56. Ba zan ɓoye muku ba, kyan gani yana cikin abin da nake nema: ina son in ga sandar sirdi ta fito sosai, wuyan keken, wato guntun da yake riƙe kan, ya kwanta ƙasa ba tare da tarin zobban da ake sa wa a ƙarƙashinsa don ɗaga shi ba, kamar yadda kekunan ƙwararru suke. Sai dai ina yawan jin ciwon ƙugu idan na daɗe a sunkuye, kuma burina tafiya mai nisa ce, ba gasa ba. Wanne ya kamata in ɗauka, kuma wane faɗin kai ne zai dace da ni?

Mai Gyaran Keke:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ka rage dogaro da lambar da aka rubuta a jikin firam, domin lamarin kamar na takalmi ne, 54 na wani kamfani ba lalle ne ya yi daidai da 54 na wani ba. A da, wannan lamba tsawon bututun da sandar sirdi take shiga ciki take nufi, a lokacin da bututun sama yake a miƙe sambal. Tun da kamfanin Giant ya yaɗa firam mai gangararren bututun sama da kekensa TCR a shekarun 1990, wanda Mike Burrows ya zana, lambar ta koma kusan suna kawai.

Ma'auni biyu za ka nema a jadawalin. Na farko shi ne tashi, wato tsayin da ke tsakanin cibiyar feda (inda hannuwan feda biyu suke juyawa a jikin firam) da saman bututun gaba idan an auna a tsaye. Na biyu shi ne miƙa, wato nisan da ke tsakanin waɗannan wurare biyu idan an auna a kwance. Su ne suke nuna inda hannuwanka za su sauka. Sau da yawa za ka tarar cewa bambancin 54 da 56 a wajen miƙa bai wuce santimita ɗaya ba, alhali a wajen tashi yakan kai kusan santimita biyu, saboda haka ainihin tambayarka ba ta tsawon keke ba ce, ta tsayin gabansa ce.

Shawarata ga wanda yake kan iyaka ita ce ya ɗauki ƙaramin, domin ana iya ƙara masa tsawo da dogon wuya, na milimita 110 ko 120, alhali babban firam idan ya yi wa mutum yawa, sai an sa masa gajeren wuya na milimita 70 ko 80, wanda yake sa kan keke ya riƙa saurin juyawa fiye da yadda aka tsara shi. Game da sirdi, ka fara da lissafin da aka sani da sunan tsohon ɗan tseren keke Greg LeMond: ka ninka tsawon ƙafarka da 0.883. A wajenka zai ba da kimanin santimita 73 daga cibiyar feda zuwa saman sirdi, kuma gwiwa ta kasance da 'yar lanƙwasa idan feda ta kai ƙasa.

Tsohon Ɗan Tsere:

Malam mai gyara ya yi bayani mai gamsarwa a kan ma'aunai, amma ban goyi bayan shawararsa ta ƙarshe ba, saboda abin da mai tambaya ya faɗa da bakinsa game da ƙugunsa. Dokar nan ta ɗaukar ƙarami ta fi dacewa da mai laushin jiki wanda zai iya yin sa'o'i a sunkuye. Idan kai, ƙanena, ka ɗauki 54 ka kwantar da wuyansa ƙasa, to za ka sami siffar da kake so, amma kafin a jima jikinka zai tilasta maka ɗaga kan, sai ka koma jera zobba ko ka juya wuyan ya kalli sama, kuma a ganina babu abin da yake ɓata surar keken tsere kamar wannan. Firam 56 da zobe ɗaya siriri ya fi 54 mai zobba huɗu kyan gani nesa ba kusa ba, alhali hannunka a wuri ɗaya yake sauka a kan dukansu.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ta fi ta ado muhimmanci. Idan sandar fok, wato sandar da take tasowa daga mariƙin tayar gaba ta ratsa bututun gaba har zuwa wuya, ta kabon ce ba ta ƙarfe ba, masu ƙera ta sukan iyakance tsayin zobban da za a sa a ƙarƙashin wuya, galibi kusan santimita uku zuwa huɗu, domin duk abin da ya wuce haka yana ƙara wa sandar nauyin da ba a tsara ta da shi ba. Ka kuma sani cewa bututun gaba a karkace yake, kusan digiri 73, saboda haka duk santimita ɗaya na zobe da ka cire, kan keken zai sauka ƙasa, kuma zai ƙara nisa da kai da kusan milimita uku. Mutane da yawa suna manta wannan, sai su ji hannu yana sagewa ba su san dalili ba.

Ƙwararrun da kake kallo jikinsu ya saba da wannan zama tun suna matasa, kuma suna da masu kula da lafiyarsu kullum. Da ni ne kai, da na duba ko kamfanin yana da samfurin tafiya mai nisa, wanda bututun gabansa ya fi tsayi, domin a irinsa za ka iya hawa 54 da wuya a kwance, sandar sirdi ta fito yadda kake so, ƙugunka kuma ya huta.

Mai Dogon Zango:

Zan taɓa maganar kai, tunda ba a amsa ta ba. Faɗin da aka fi samu shi ne santimita 38, 40, 42 da 44, kuma hanyar da aka saba ita ce a auna tsakanin ƙasusuwan nan biyu da suke a ƙarshen kafaɗu, a zaɓi wanda ya yi kusa. Ka lura cewa wasu kamfanoni daga tsakiyar bututu zuwa tsakiya suke aunawa, wasu kuma daga waje zuwa waje, wanda yakan kawo bambancin kusan santimita biyu. Ga mai farawa, na fi son kai mai gajeriyar lanƙwasa, wanda zurfinsa yake kusan milimita 125, domin zai ba ka damar kama ƙasan kan ba tare da ka karya baya ba.

Wajen saitawa, ka sa saman kan da robar da ake dafawa a saman hannun birki su zama layi ɗaya a kwance, yadda tsintsiyar hannunka ba za ta karye sama ko ƙasa ba. Kada ka juya kan gaba ɗaya sama domin ka kusanto da birki, domin hakan alama ce ta cewa wuyan ya yi tsawo. Salon karkatar da hannun birki ciki ma ya yi yawa, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta iyakance shi zuwa digiri 10 a gasanninta daga 2024, saboda yana rage wa mahayi iko da birkinsa.

Sabon Mahayi:

Na gode ƙwarai, manyana. Na koma jadawalin, na ga cewa lallai akwai samfurin tafiya mai nisa, kuma tashin 54 ɗinsa ya yi kusa da na 56 na tseren. Saura tambaya ɗaya: shin in sa a yanke ragowar sandar fok tun ranar saye, domin kada ta fito a saman wuya?

Mai Gyaran Keke:

A'a, kada ka yi gaggawar yankewa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa sai da sabon fok. Ka mayar da zobban da ka cire saman wuyan, ka riƙa sauke kan da milimita biyar-biyar, kana barin jikinka ya saba da kowane mataki na wasu makonni kafin ka ƙara. Haka kuma ka guji kan keke da wuya da aka haɗe su wuri ɗaya har sai ka tabbatar da ma'auninka, tunda ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Idan ka zo ɗaure kusoshin wuyan, ka yi amfani da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka bi adadin da aka rubuta a jikinsa, wanda yawanci yake kusan Nm 5 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri).