Wace Kalmar Hausa Ce Ta Dace da "Working Memory"?

Duk wanda ya taɓa karɓar lambar waya da baki, ya riƙa nanata ta a ransa yana laluben biro, sai wani ya yi masa sallama lambar ta ɓace, ya san abin da masana halayyar ɗan Adam ke kira "working memory". Matsalarmu ita ce har yanzu ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba.

Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fito da shahararren tsarin da ke bayyana wannan ra'ayi, mai sassa daban-daban, a Birtaniya a 1974, domin sun ga cewa abin da ake ɗauka a da a matsayin ma'ajiyar ɗan lokaci wurin aiki ne kuma. A nan mai shago yake riƙe kuɗin mudu uku na shinkafa yayin da yake ƙara na man gyaɗa, yana kuma cire canji. Wurin ba shi da faɗi. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa yana ɗaukar abubuwa 7, da ragi ko ƙarin 2, daga baya Nelson Cowan ya sauko da adadin zuwa kusan 4 a 2001. Shi ya sa muke kasa lambar waya mai alƙaluma 11 gida uku kafin mu faɗe ta. Ba ya kuma daɗewa, domin a gwajin Lloyd da Margaret Peterson na 1959, mutanen da aka ba haruffa 3 aka shagaltar da su da ƙirga ta baya sun manta yawancinsu cikin daƙiƙa 18.

"Ƙwaƙwalwar aiki" ita ce fassarar da ta fi saurin zuwa baki, amma ban gamsu da ita ba, saboda ƙwaƙwalwa gaɓa ce sukutum, kuma mai karatu zai tambaya ko akwai wata ƙwaƙwalwar da ba ta aiki. "Ma'ajiyar wucin gadi" ta kama gajartar lokacin, sai dai ta zubar da aikin, wanda shi ne dalilin da ya sa aka sauya sunan tun farko.

Na daɗe ina son "faifan tunani". Faifai ba ya cin hatsi da yawa, daga rumbu ake ɗebo masa, kuma a kansa ake tsince tsakuwa. Abin da ya ɓata shi shi ne Bahaushen yau idan ya ji faifai, bidiyo ko waƙa yake tunawa, wato abin da aka naɗa ya zauna daram, akasin abin da muke nufi. "Allon zuci" ma yana da kyau, tunda ana rubuta allo a wanke, abin da ya zauna ya koma hadda. Amma allo ba ya goge kansa in an kau da kai, kuma a tsarin Baddeley akwai sashe guda mai riƙe siffofi da wurare, wanda shi ya fi cancantar a kira shi allo.

Shawarata ita ce "riƙon hankali". Dama mukan ce "riƙe wannan a ka", kuma riƙo yana nuna ƙoƙarin da ake yi: hannu ba ya ɗaukar kaya da yawa, da zarar an saki kuwa sai su zube. Na guje wa "riƙon zuci" da gangan, domin mai riƙo a zuci mutum ne da ba ya yafiya. "Hankali" kuwa yana kawo batun mai da hankali, wanda shi ne jagoran sauran sassan a wurin Baddeley.

Na gwada kalmar a cikin jimla game da Henry Molaison, Ba'amurken da aka yi wa tiyatar farfaɗiya a 1953 ya kasa adana sababbin abubuwan da suka faru da shi: riƙon hankalinsa bai taɓu ba, yakan riƙe lamba muddin yana nanata ta, amma da an katse shi ta tafi. Jimlar ta zauna a kunnena ba tare da wani ƙarin bayani ba. Masu koyarwa a aji su gwada ta da ɗalibai, su gaya mana inda ta yi tuntuɓe.